Kwana Biyar na Shaci-Faɗi: Yadda Ake Bin Labarin Kisan da Ba a San Wanda Ya Yi Ba

A ofishin kuɗi na wani ƙaramin asibiti nake aiki a Amurka. Ba na duba marar lafiya, ba na ba da magani. Ni ce mai zama da waya a kunne tana bin kamfanonin inshora kuɗin aikin da likita ya riga ya gama. Ranar da na fara, matar da ta koya mini aikin ta ce: duk kiran da kika yi, ki rubuta rana, ki rubuta lokaci, ki rubuta sunan wanda ya ɗauka, ki karɓi lambar kiran. In ba ki rubuta ba, to ba a yi maganar ba. Shekara da shekaru ina bin wannan doka sau da ƙafa, amma ranar Laraba 4 ga Disamban 2024 na yi fatali da ita cikin minti goma.

A safiyar ranar, wajen ƙarfe 6:45, aka harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a gefen otal ɗin New York Hilton Midtown da ke Manhattan. Yana tafe ne a ƙafa, shi kaɗai, zai shiga taron shekara-shekara na masu zuba jari. Shekararsa 50. Kafin mu tashi daga aiki bidiyon kyamarar tsaro ya karaɗe ko'ina: wani mutum da takunkumi a fuska da jakar goyo ya ɓullo ta bayansa, ya ɗaga bindiga mai abin daƙile ƙara, ya harba, bindigar ta yi kamar ta cije, ya gyara ta a nitse ya ci gaba. Sau uku na kalla, sannan na rubuta a zauren WhatsApp na danginmu: "Wannan ƙwararren makashi ne, hayarsa aka yi." Ba "ina jin", ba "wataƙila". Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata.

Kwana biyar aka yi ba a san wanda ake nema ba, kuma a kwanakin nan kowa ya zama ɗan sandan ciki. Washegari da kunya ta kama ni, na ɗauko ɗaya daga cikin littattafan rubutun da muke amfani da su a ofis na fara bin labarin kamar yadda nake bin takardar neman biya. Abin da zan nuna maka ke nan, don irin wannan labari zai sake zuwa, ko a kan wani attajiri ko a kan wani talaka.

Takarda mai gida uku

Ka ja layi biyu a tsaye, takardarka ta rabu gida uku. A kan gidan farko ka rubuta "An gani". A kan na biyu, "An ce". A kan na uku, "Ana zato". Duk abin da ya shigo wayarka, kafin ka tura wa kowa, ka nema masa gida.

Gidan farko ƙarami ne, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. A nawa, daren farko, layi huɗu ne kacal: an harbe mutum, ga wuri, ga lokaci, ga bidiyo. Bidiyon ma abin da ya nuna kawai za ka rubuta. Ya nuna mutum yana gyara bindiga ba tare da rawar jiki ba. Bai nuna cewa soja ne ba, bai nuna an biya shi ba. Kalmar "ƙwararre" daga kaina ta fito, ba daga kyamara ba, don haka gidanta na uku. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ido ma yana da ƙarin gishirinsa.

Gida na biyu shi ne mai aiki. A nan ba ka rubuta magana ita kaɗai, sai da mai ita da lokacinta. Ga dalili. A taron manema labarai na farko 'yan sandan New York sun ce maharbin ya tsere a kan keken haya mai lantarki na Citi Bike zuwa cikin lambun shaƙatawa na Central Park. Nan da nan masu ƙwazo suka duƙufa kan bayanan tashoshin kekunan, wasu har suna cewa sun gano keken da ya hau da inda ya ajiye shi. Ba a jima ba 'yan sanda suka gyara maganarsu: keke mai lantarki ne, amma ba na Citi Bike ba ne. Duk wancan bincike ya bi ruwa. Wanda ya rubuta "keken Citi Bike, in ji 'yan sanda, Laraba" sai ya ja layi ya soke, ya rubuta sabo a ƙasa. Wanda ya haɗiye ta a matsayin gaskiya tsantsa kuwa, har ranar Asabar yana musu a kanta.

Haka aka yi da kalmomin da aka samu a rubuce a jikin harsasai da kwansonsu. Rahotannin farko sun ce "deny", "defend", "depose". Daga baya aka ce a'a, "delay", "deny", "depose" ne: jinkirta, hana, tsige. Kalma ɗaya ta canza, amma kafin a gyara an riga an buga ta farkon a jikin riguna. Kalmomin sun yi kama da sunan wani littafi na 2010, Delay, Deny, Defend, wanda farfesan shari'a Jay Feinman ya rubuta kan dabarun kamfanonin inshora na ƙin biyan haƙƙi. To a nan sai ka yi hattara: samuwar kalmomin a wurin yana gida na biyu, kamarsu da sunan littafin abu ne da kowa zai iya dubawa, amma cewa maharbin ya karanta littafin, ko cewa an taɓa hana shi magani, wannan gida na uku ne. Mutum yana iya rubuta abin da ke ransa a jikin harsashi, yana kuma iya rubutawa don ya ɓad da sawu. A ranar Alhamis ɗin nan ba wanda ya isa ya bambance.

Abu biyu game da majiya, a gurguje. In ka ga "wata majiyar 'yan sanda da ba ta so a ambaci sunanta", ka rubuta haka, kada ka mayar da ita "'yan sanda sun tabbatar". Sannan in jaridu goma suka kawo labari ɗaya, ka karanta zuwa sakin layi na uku, sau da yawa za ka tarar tara suna cewa ne "kamar yadda wance ta ruwaito". Majiya ɗaya ce ta sa riga goma.

Ko mai muƙami ma ba ka kai maganarsa gidan farko. A ƙarshen makon magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya yi maganar da ta sa mutane da yawa suka ɗauka hukuma ta san sunan mutumin, ɓoyewa kawai take yi. Ranar da aka yi kamun, shugaban masu binciken 'yan sandan birnin, Joseph Kenny, ya ce ba su da sunansa kafin wannan rana. Hukuma takan riƙe wani bayani da gangan, takan faɗi wani don ta firgita wanda take nema, takan kuma yi kuskure kamar kowa.

Tambayar da ke karya shaci-faɗi

Ga abin da ya fi yi mini amfani. Duk wani zato da ya burge ka, ka tambaye shi: wane abu ne in ya fito zai nuna cewa ƙarya ne? In ba shi da amsa, ka bar shi.

Na gwada a kan nawa. Na ce wanda aka yi haya ba zai bar fuskarsa ba, ba zai bar kayansa ba. Sai ga shi an ce ya tsaya a Starbucks ya sayi ruwa da abin taɓawa 'yan mintuna kafin harbin. Sai ga hotunansa daga wani masaukin matafiya a unguwar Upper West Side, ya sauke takunkumi yana murmushi a teburin karɓar baƙi. Sai aka ce ya shigo birnin tun 24 ga Nuwamba a motar bas ta Greyhound da ta taso daga Atlanta, ya kama ɗaki da katin shaida na bogi na jihar New Jersey. Ranar Juma'a aka tsinci jakarsa a Central Park, a ciki akwai jaket da kuɗin wasan Monopoly. A nan ya kamata zatona ya faɗi, kuma ya faɗi. Amma ka san me na ga mutane suna yi? Suka ce ai wannan ne ma ya nuna ƙwarewarsa, da gangan yake zubar da kaya. In ya ɓace tsaf, ƙwararre ne. In ya bar sawu, ƙwararre ne mai wayo. Zaton da yake cinye duk hujjar da aka kawo masa ya tashi daga bincike, ya koma aƙida.

Maganar bindigar ma haka. Masana makamai na intanet sun rantse wata bindiga ce mai wuyar samu, irin wadda ake jan bayanta da hannu bayan kowane harbi, har su kansu 'yan sanda suka ce suna duba yiwuwar irin wadda likitocin dabbobi ke amfani da ita ce. Da aka yi kamu, abin da hukuma ta ce ta samu shi ne bindiga marar lamba da aka haɗa da sassan da na'urar 3D ta buga. Mutanen nan ba jahilai ba ne, wasunsu sun san makamai sosai. Bidiyo mai dishi-dishi na 'yan daƙiƙu suka ɗora wa ilmin da ba zai iya ɗauka ba.

Wadda ta fi haɗari ita ce jita-jitar da aka gina a kan gaskiya. Gaskiya ne cewa a watan Mayun 2024 wani asusun fansho na 'yan kwana-kwana a Florida ya shigar da ƙara yana zargin Thompson da wasu manyan kamfanin da sayar da hannun jari alhali sun san Ma'aikatar Shari'a tana bincikar kamfanin, jama'a kuwa ba su sani ba. Ƙarar tana nan, kowa zai iya gani. Sai aka ɗauki wannan aka ƙulla masa jela: wai an kashe shi ne don zai ba da shaida a kan wata babbar 'yar siyasa. Masu bin diddigin labarai suka duba, ba wata shaida da aka shirya zai bayar. Irin wannan saƙo in ya zo maka, ka raba shi gida-gida. Za ka ga jimla ta farko gaskiya, ta biyu gaskiya, ta uku kuma ta fara da "shi ya sa" ko "wannan ne dalilin". A kan wannan "shi ya sa" za ka tsaya ka nemi mai ita. Biri ya yi kama da mutum, amma ba a ɗaura masa aure.

Fuska da suna

A nan ba ni da sassauci ko kaɗan. Kada ka tura hoto ko sunan wani mutum kana cewa ya yi kama da wanda ake nema. Ko da alamar tambaya ka sa a ƙarshe.

Daren Juma'a yayana ya turo hoto biyu a zauren dangi, an jera su gefe da gefe: na masaukin nan da na wani saurayi, da cikakken sunansa a ƙasa, an zagaye girarsa da jan layi. Na kira shi nan take.

"Yaya, don Allah ka goge hoton nan."

"Ke, ba ki ga kamar ba? Kamar an tsaga kara."

"Na gani. Kama da wane ba ta wane, Yaya. Wa ya turo maka?"

"Wani abokina."

"Shi kuma wa ya turo masa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To malama, shekaranjiya ba ke kika ce hayarsa aka yi ba?" Ban da ta cewa. Ya goge dai, amma mutum sama da talatin ne a zauren, kuma magana zarar bunu ce.

Ba tsoron banza nake yi ba, ƙasar nan ta sha ganin abin da irin wannan ke jawowa. A 1996, lokacin wasannin Olamfik a Atlanta, wani mai gadi, Richard Jewell, shi ya ga jakar bam ya fara korar mutane daga wurin. Cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi wanda ake zargi, 'yan jarida suka yi sansani a ƙofar gidansu, sai bayan kusan wata uku hukuma ta wanke shi. Wanda ya dasa bam ɗin, Eric Rudolph, sai a 2003 aka kama shi. A Afrilun 2013, bayan harin bam a gasar gudun fanfalaki ta Boston, masu bincike na intanet suka ɗora laifin kan wani ɗalibin Jami'ar Brown da ya ɓace tun wata guda kafin harin. Iyayensa suna cikin neman ɗansu aka yi musu ca da zagi da kiraye-kirayen waya. Ba shi da hannu, kuma bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a ruwa. A 2022, da aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Idaho, wata mai duba da kati a TikTok ta dinga kiran sunan wata farfesa tana cewa ita ta kitsa kisan, har farfesar ta kai ta kotu. Wanda aka kama a ƙarshen Disamban shekarar wani ne daban, kuma ya amsa laifinsa a 2025.

In da gaske kana ganin ka san fuskar, akwai inda ake kaiwa. A wannan lamari 'yan sandan New York sun sa tukuicin dala 10,000, hukumar FBI ta sa dala 50,000, kowannensu da layin karɓar bayani. A can wani zai duba ya tantance a asirce, in ba shi ba ne ba wanda zai ji. Ka kuma lura da yadda abin ya ƙare. Ranar Litinin 9 ga Disamba, a wani McDonald's da ke garin Altoona a jihar Pennsylvania, kimanin kilomita 450 daga New York, wani mai cin abinci ya ga fuskar da ya yi wa kallon sani, ma'aikaci ya kira 911, lambar kiran gaggawa. Can a San Francisco kuma, wani ɗan sanda da ke riƙe da takardar cigiyar da wata uwa ta shigar tun watan Nuwamba ya ga kamar, ya miƙa wa FBI sunan. Duka biyun hukuma suka kai wa, ba dandali ba.

Abin da ke ranka kai ma

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi yi mini wuya, kuma shi ne ya bambanta wannan kisa da sauran.

Da kamfanin ya sa saƙon ta'aziyya a Facebook, dubun-dubatar mutane suka danna alamar dariya. A ƙarshen makon aka yi gasar masu kama da maharbin a dandalin Washington Square Park. Wasu da suka yi suna wajen gano mutane a intanet suka fito fili suka ce wannan karon ba za su taya ba. Mutane suka yi ta zubo labaransu: uwa da aka hana maganin daji, yaro da aka ƙi biya wa tiyata, bashin asibiti da ya cinye gida.

Ni ba sai an ba ni labari ba. Maigidana ya yi wata huɗu yana ɗingishi saboda wani kamfanin inshora, wanda ba zan ambata ba, ya ƙi ba da izinin hoton gwiwa sau biyu, wai sai an nuna an gwada gashin ƙashi tukuna, alhali takardar gashin tana cikin abin da muka aika. Ni da wannan ne aikina sai da na yi kuka a cikin mota. Don haka da na ji kalmomin da ke jikin harsasan, wani abu a raina ya ce "ai kuwa". Daga wannan lokaci duk labarin da ya ce maharbin wani ne da aka cuta, sai in ji ya shige ni ba tare da tambaya ba. Wanda ya ce akasin haka kuma in yi ta neman inda ya yi kuskure.

To ka ƙara layi ɗaya a ƙasan takardarka: "Me nake so ya zama gaskiya?" Ka amsa tsakaninka da Allah. Duk labarin da ya zo daidai da wannan amsa, shi za ka fi tsananta wa bincike. Ni na so maharbin ya zama marar lafiya ne da kamfanin UnitedHealthcare ya wulaƙanta. Da aka kama Luigi Mangione, sai ga ɗan shekara 26 daga gidan masu hali a Maryland, mai digiri biyu daga Jami'ar Pennsylvania, kuma kamfanin ya ce bai taɓa zama cikin masu inshorarsa ba. Kusan duk hoton da muka zana a kwana biyar ɗin nan, namu ciwon muka zana.

Ban ce fushin mutane ba shi da tushe ba, ruwa ba ya tsami banza. Amma alƙaluman ma sai ka nema musu gida. An yi ta yaɗa wani jadawali mai cewa UnitedHealthcare yana ƙin biyan kashi 32 cikin ɗari na takardun neman biya, mafi yawa a ƙasar. Wannan adadi daga wani shafin kwatanta farashin inshora ya fito, kuma wani yanki ne kawai na tsare-tsaren inshorar ya shafa, ba duka ba. Kamfanin kuma ya ce yana biyan kusan kashi 90 cikin ɗari tun a karon farko, wanda shi ma maganar mai kaya ce. Wanda na fi dogara da shi shi ne rahoton wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawa na Oktoban 2024, wanda ya nuna ƙin ba da izinin jinyar bayan sallama daga asibiti ga tsofaffi masu tsarin Medicare Advantage na kamfanin ya tashi daga kashi 10.9 a 2020 zuwa kashi 22.7 a 2022. Ka ga wannan yana da mai shi, yana da shekara, yana da iyaka. Amma ko shi bai gaya maka wanda ya harba ba, bai kuma halatta jinin uban 'ya'ya biyu ba. Takarda biyu ce daban: ta zaluncin tsarin inshora, da ta kisan kai. In ka haɗa su wuri ɗaya, ko dai ka wanke kamfani don an kashe shugabansa, ko ka wanke kisa don kamfani ya cuce ka.

Bari in ɗan ratse, tunda sana'ata ce. In an ƙi biya maka a Amurka, dokar lafiya ta 2010 ta ba ka damar neman kamfanin ya sake dubawa, yawanci cikin kwana 180, in ya sake ƙi kuma ka kai wa mai duba na waje wanda ba ma'aikacinsu ba ne. Binciken cibiyar KFF mai nazarin harkokin lafiya ya nuna ko kashi ɗaya cikin ɗari na takardun da aka ƙi biya a kasuwar inshora ta gwamnati ba a ɗaukaka su. Ta wannan hanya muka samu hoton gwiwar. Kuma ka kiyayi bakinka a waya, domin duk kiran nan ana naɗa. A makon da aka yi kamun, an tsare wata mata a Florida saboda ta maimaita waɗancan kalmomi uku ga ma'aikacin kamfanin inshorarta ta ƙara da cewa su ne na gaba, aka sa belinta dala 100,000. Wanda ke ɗaukar wayar nan ma'aikaci ne irina, ba shi ya rubuta dokar kamfani ba.

Bayan an yi kamu

Kada ka rufe littafin, domin a ranar ne 'yan damfara ke fitowa kasuwa. Cikin sa'o'i aka fara yawo da wata doguwar maƙala a dandalin rubuce-rubuce na Substack wai Mangione ne ya rubuta, da labarin ciwon mahaifiya mai sa hawaye. Ta bogi ce, aka sauke ta. Wani bidiyo ya ɓulla a YouTube da agogo yana ƙirga lokaci, wai ya tsara shi ya fito in an kama shi. YouTube ya rufe tashar saboda sojan gona. Dabarar a nan mai sauƙi ce: ka duba yaushe aka buɗe shafin, yaushe aka canza masa suna. Abin da ya bayyana bayan sunan mutum ya fito, kowa zai iya ƙirƙirarsa. Sai kuma masu lissafi suka taso da lamba 286, suna ganinta a yawan saƙonninsa, a nisan gari, a ayar littafi. In ka sa wa ranka lamba za ka gan ta har a rasit ɗin kanti. Masu auna gira kuma suka koma cewa ba shi ba ne a hoton.

Harshenka ma sai ka gyara. "Wanda ake zargi" za ka ce, ba "makashin" ba. Mangione ya musanta tuhumar da jihar New York ta yi masa a ranar 23 ga Disamban 2024, kuma a Satumban 2025 alƙali ya soke tuhume-tuhumen ta'addanci ya bar ta kisan kai. Abin da mai gabatar da ƙara ya faɗa gida na biyu yake shiga, abin da lauyan da ke kare shi ya faɗa ma haka. Daga wannan mataki takardun kotu sun fi duk wani mai sharhi, kuma suna tafiya a hankali, wata da watanni ba ka ji komai ba.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne na koma shafin farko da jan biro. A gida na uku na tarar da zato goma sha ɗaya da na kwafa daga bakin mutane da nawa. Tara na soke. Biyun da suka rage na bar su da alamar tambaya. Sannan na buɗe zauren dangi, na nemo saƙona na ranar Laraba, na danna shi na rubuta a ƙasa: "Wannan da na faɗa ba ni da hujja a kansa, ku yi haƙuri." Mutum biyu ne suka amsa. Ƙanwata ta turo alamar dariya. Yaya kuma ya rubuto: "Sai ki aro mini littafin nan naki."